Shafi Uku da Na Ƙi Cirewa

Hafsat da Yusuf, na san abin da aka gaya muku a gida lokacin da kuka je bikin ɗan kawunku. An ce muku ubanku ne mutumin da jami'ar da ta raine shi ta kira ya zo ya gina mata filin ƙwallo, shi kuwa ya ɗaga kai ya ce ya fi ƙarfin aikin gida. Wasu ma sun ce kason da aka yanka mini ne bai ishe ni ba. Kun dawo Doha ba ku tambaye ni komai ba, amma na ga irin kallon da kuka riƙa yi mini a wajen cin abinci. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwoyi kuma suka hana ni yawo, bari in rubuta muku yadda shekarar ta kasance, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Dole in fara da kakanku, Malam Isa, wanda ba ku riske shi ba. Shi ne mai kula da filin ƙwallon jami'ar garinmu. Ba shi da ofis, sai wani ɗan ɗakin kwano a bayan rumfar 'yan kallo inda yake ajiye tiyo da lauje da buhun farar ƙasar da yake ja wa fili layi. Da damina filin yakan yi kore shar, har mutum ya ji kamar ya kwanta a kai. Da rani kuwa sai ya koma jar ƙasa, shi kuma ya riƙa jan tiyo daga wannan kusurwa zuwa waccan yana lallaɓa 'yar ciyawar da ta rage a gaban raga. Da wannan albashin ya kai ni har na shiga jami'ar na karanta aikin injiniya na ruwa da ƙasa. A can na haɗu da Tukur. Ɗakinmu ɗaya shekara huɗu, shi ne kuma mai tsaron ragar ƙungiyar jami'a. Garinsu da nisa, don haka a gidanmu yake cin tuwon dare, Baba yake kiran mahaifina, Inna kuwa har kwanonsa daban ta ware masa. Ranar da Baba ya rasu, Tukur yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Aikin ruwa ne ya kawo ni Doha, amma ciyawa ce ta riƙe ni. A shekarun da ake shirin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, kamfaninmu yana cikin masu rainon ciyawar filayen wasa a wani gandu can bayan gari. Har yau idan na rufe ido ina ganin wurin. Ka taso daga unguwar Madinat Khalifa bayan sallar asuba, ka yi ta tafiya cikin farin yashi, babu itace babu tsuntsu, sai kawai ka hango kore shimfiɗe iya ganinka, hazon teku yana kwance a kansa, bakunan famfo suna juyawa suna fesa ruwa, hasken rana na farko yana ratsa feshin. Ruwan teku ne da aka tace, aka auna shi kamar magani. Idan ciyawar ta nuna sai a yanke ta, a naɗe kamar darduma, a kai ta fili a shimfiɗa. Sau da yawa nakan tsaya a bakin gandun in ji kamar in juya in ce wa Baba ya zo ya gani, sai in tuna.

Bayan an gama gasar, baƙi sun watse, gari ya koma shiru, sai Tukur ya zo wani taro a Doha. A lokacin ya zama farfesa, kuma bai daɗe da zama shugaban jami'armu ba. Lokacin sanyi ne. Na nemi izini na shiga da shi ɗaya daga cikin manyan filayen da hantsi, babu kowa sai mu da masu shara can sama. Da muka fito daga ƙofar da 'yan wasa suke fitowa sai ya tsaya cak. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya tuɓe takalmi da safa, ya taka ciyawar da ƙafarsa. Mutum mai furfura da babbar riga, ya yi ta tafiya a hankali har gaban raga, ya juya ya buɗe hannuwa kamar yana jiran a bugo masa.

"Haruna," ya ce, muryarsa tana dawowa daga kujerun da babu kowa, "yaranmu ba su taɓa taka irin wannan ba."

"Mu ma ai ba mu taka ba sai da muka tsufa," na ce.

"Shi ya sa. Ba na son su ma sai sun tsufa."

Daga nan na kai shi unguwar Al Asmakh, muka shiga wani ɗan gidan abinci a tsakanin tsofaffin gidajen nan masu ƙofar katako, muka ci shinkafa da kifi, aka kawo mana shayin madarar da suke kira karak a ƙananan kofuna. A nan ya buɗe mini cikinsa. Ya ce rumfar 'yan kallo ta tsage, an hana hawa rabinta. Ya ce jami'armu ta samu damar karɓar baƙuncin wasannin jami'o'i idan har ta gyara filinta, kuma wani banki ya yarda zai ba da rance. Za a rushe tsohuwar rumfar, a gina benen 'yan kallo kewaye da fili, a sa fitilu, a shimfiɗa ciyawa irin wadda ya taka da safe. Abin da ya rage shi ne majalisar gudanarwa da bankin suna son rahoton ƙwararre da zai ce aikin zai yiwu, kuma zai riƙe kansa.

"Wa ya fi ka?" ya ce. "Ɗanmu, tsohon ɗalibinmu, wanda ya yi wa duniya fili. Ka rubuta rahoton, ka dawo gida ka riƙe aikin. Ɓangaren gabas kuma, inda ɗakin kwanon nan yake, sunan Baba za mu sa masa."

Na ɗauki kofin karak na kai baki, babu komai a ciki.

Watannin da suka biyo baya, ban san ko a farke na yi su ba. Teburin cin abincinmu ya cika da zane-zane, kuna tunawa, har sai da muka koma cin abinci a ƙasa. Ina tuƙi a kan titin bakin teku amma filin gida nake gani, fitilu a kunne, ɗalibai suna ta kwararowa, harufan sunan lebura Isa manya-manya a saman bene. Mahaifiyarku ta fi ni tafiya cikin mafarkin. Ta gaji da aikin jinya a ƙasar mutane, ta gaji da sabunta takardar zama duk shekara. Har ta sayi labule ta ajiye a ƙasan akwati don gidan da ba mu kama ba tukuna. Inna kuwa, Tukur da kansa ya je ya durƙusa ya gaya mata. Duk ranar da na kira ta sai ta ce:

"Auta, an ce mini za a rubuta sunan Malam da ƙarfe. Da gaske ne? To ka gaya musu su rubuta da ajami ma, don in iya karantawa."

Da bazara na ɗauki hutu na je gida don in auna ƙasa da ruwa. A nan abin ya fara sauka daga sama. Na bi rijiyoyin burtsatse na jami'ar ɗaya bayan ɗaya, na ga yadda ruwansu yake ja da baya idan rani ya yi nisa. Wata safiya na bi ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai mata, na tarar da layin bokitai ya miƙe tun daga bakin famfo har gindin darbejiya, 'yan mata suna zaune a kan bokitansu suna karatu suna jira. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarsu shi ne ruwan da ciyawata za ta sha. Irin ciyawar da Tukur ya taka ba ta san haƙuri ba, kwana kaɗan ba ruwa ta mutu. Daga baya wani ma'aikaci a ofishin kuɗi ya ba ni takardun rancen don in haɗa da rahotona. Ni ba masanin kuɗi ba ne, amma na iya karatu. An rubuta cewa kuɗin tikiti da hayar fili za su biya bashin. Na san garinmu, na san abin da mutane za su iya bayarwa a bakin ƙofa don kallon wasan ɗalibai. A can ƙasa kuma, cikin ƙananan harufa, an rubuta abin da za a jinginar idan tikitin bai kawo ba: kuɗin makarantar ɗalibai, na shekaru masu yawa a gaba.

Na dawo Doha na rubuta rahoton. Yawancinsa abin da Tukur yake so ne, don ƙasar tana da kyau, ginin kuma zai tsaya. Amma a ƙarshe na ƙara shafi uku. Na ce ruwan ba zai ishi fili da ɗakunan kwana a lokaci guda ba. Na ce filin ba zai biya bashinsa ba, ɗalibai ne za su biya. Na ba da shawarar a gyara tsohuwar rumfar, a yi magudanar ruwa, a shuka ciyawar gida mai jure rani, a bar sauran sai an samu hali. Na aika masa shi kaɗai ya fara gani. Washegari da azahar ya kira ni.

"Rahoto ya yi kyau, mutumina. Amma shafi ukun nan na ƙarshe, cire su."

"Tukur, su ne rahoton."

"Ciyawa aka tambaye ka, ba a tambaye ka kuɗi ba. Kuɗi akwai masu shi. Ka san majalisar nan, tsofaffi ne masu jiran dalilin cewa a'a. Suna ganin wannan shi ke nan, an rufe maganar, banki ya janye, wasannin su tafi wata jami'ar. Kuɗin makaranta kuwa, ko da fili ko babu sai an ƙara shi, ka sani na sani. Gara a ƙara yara suna da abin da za su nuna."

"Ruwan fa?"

"Za mu haƙa wasu rijiyoyin. Haruna, shekara nawa Baba ya yi yana jan tiyo a jar ƙasar nan? Sau ɗaya dai a rayuwa mu yi wani abu babba."

Ga wurin da ban fito da kyau ba. Na ce masa to. Na cire shafi ukun, na buga sauran, na sa hannu, na sa a ambulan na ajiye a kan teburi da niyyar aikawa ranar Lahadi idan an koma aiki, don a Doha ita ce farkon mako. Na gaya wa kaina ai ban rubuta ƙarya ba, shiru kawai na yi. Kwana biyu ambulan ɗin yana nan, ina wucewa ina kallonsa, zuciyata kuma wasai, don na koma cikin mafarkina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tafi unguwar Mesaimeer kamar yadda na saba. Akwai wani gida da Hausawa suke haɗuwa a ci tuwo a yi hira, likitoci da masu gadi da direbobi duk a tabarma ɗaya. A cikinsu akwai Malam Ado, direban wani Balarabe, mutumin wani ƙauye kusa da garinmu. Ya girme ni, gemunsa fari fat, ya daɗe a Doha ƙwarai. Ban san yadda labarin filin ya kai kunnensa ba. Ina zama sai ya taso daga wurinsa ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Injiniya, ashe abin alherin da kake shirya mana ke nan ba ka faɗa ba? Allah ya saka maka. 'Yata Zulai tana can, tana aji biyu, aikin haɗa magunguna take karantawa. Kullum ina kai kafil ɗina, wato maigidan da nake wa tuƙi, kallon wasa, ina jira a mota a waje ina kallon fitilun nan, ina cewa ina ma yaranmu. Jiya na kira ta na ce mata, ke ma za ki ga irinsa a makarantarku, kuma ɗan garinmu ne zai yi."

Na tambaye shi yadda yake fama da hidimar karatun nata. Ya yi dariya ya ce alhamdu lillahi, daidai wa daida ne. Ya ce ya lissafa, idan abubuwa suka tsaya yadda suke, ranar da ta gama shi ma khalas, shi ke nan, zai miƙa makullin mota ya koma gida ya zauna a gonarsa, don bayansa ya fara ba shi wahala. Sannan ya ɗaga hannu ya sa aka yi mini addu'a, mutum wajen ashirin suna cewa amin. Ya roƙa wa mahaifina gafara da sunansa. Ni kuwa ina zaune hannuwana a buɗe, ni kaɗai a ɗakin na san abin da ke cikin ƙananan harufan nan. Aka kawo tuwo, na kai loma biyu na tsame hannu.

Da na koma gida da la'asar na tarar da mahaifiyarku tana guga. Na gaya mata komai, har da abin da ban gaya mata ba tun dawowata daga gida. Ta yi ta bin hannun riga ɗaya da dutsen guga.

"Baban Hafsat, idan ka mayar da shafukan, za a fasa ginin?"

"Ban sani ba. Wataƙila su nemi wani ya rubuta musu."

"To ka ga. Mu rasa komawa gida, Inna ta rasa abin da take jira, shi kuma direban a ƙara masa kuɗin duk da haka."

"Zai iya zama haka."

Ta kashe dutsen gugar ta jingine shi.

"Ni dai ina so in koma gida, ba zan ɓoye maka ba. Kuma ba zan ce maka ka kyauta ba, don raina bai kai nan ba tukuna. Amma sunanka ne a takardar, ba nawa ba. Ka yi abin da za ka iya shiga Mesaimeer da shi ranar Juma'a."

Ranar Lahadi da safe na yaga ambulan ɗin, na mayar da shafi ukun, na sake sa hannu. Na aika wa Tukur, na rubuta masa cewa wannan ne rahotona, idan za a kai majalisa a kai shi cikakke, idan ba haka ba a cire sunana. Bai kira ba sai bayan kwana uku. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na gode, Injiniya," ya ce. Bai taɓa kira na da wannan sunan ba. "Kana zaune cikin sanyin na'ura a ƙasar da ta shimfiɗa ciyawa a kan yashi, kana gaya mana mu jar ƙasa ce daidai da mu. Na ji. Allah ya bar ka da gaskiyarka."

Rahotona bai je majalisa ba. An ba wani kamfani, ya rubuta abin da ake so, aka karɓi rancen. Na yi tunanin in aika wa 'yan majalisar shafukan da kaina, ban yi ba. Na ce a raina ba zan tona wa Tukur asiri ba. Har yau ban tabbata ko amana ce ta hana ni ko tsoro ba, kuma wannan ma ina so ku sani. Da mutane suka ga an fara gini babu ni, sai kowa ya samo nasa dalilin, waɗanda kuka jiyo a wajen biki. Ɓangaren gabas aka sa masa sunan wani attajiri da ya ba da gudummawa.

Kiran Inna ne ya fi komai nauyi. Na yi ta kewaye-kewaye ina mata bayanin rijiya da banki, ta saurara har na gama.

"Auta, ni ban san wannan ba. Kawai ka gaya mini, za ka dawo bana?"

"Ba bana ba, Inna. Ki yi haƙuri."

"To. Allah ya yi maka albarka. Na dai riga na gaya wa maƙwabta."

Mahaifiyarku ta yi wata biyu tana yi mini magana iya ta dole. Labulen nan ta ba wata ƙawarta da za ta aurar da 'ya. Sannu a hankali muka koma yadda muke, amma ba ta sake zancen gida da irin muryar da take yi a da ba. Ni kuma na ci gaba da fita gandun ciyawa da asuba. Hazon yana nan, famfunan suna juyawa, sai dai na daina ganin komai a ciki in ban da aiki.

Shekara ta zagayo aka ƙara kuɗin makaranta, aka sake ƙarawa. Wata Juma'a Malam Ado ya jira har mutane suka ragu, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce ya sabunta kwantiraginsa da kafil, gona sai ta ƙara jira. Ya ce kuma wani ya gaya masa ba ni na yi filin ba, ƙi na yi.

"Ashe ranar da na sa aka yi maka addu'a ka san za a ƙara mana?"

"Na sani, Malam Ado."

"Shi ya sa ka ƙi?"

"Shi ya sa."

Ya jinjina kai yana murza carbi.

"To ƙin da ka yi, ya rage mini wani abu?"

"Bai rage ba."

Ya dafa gwiwata ya miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu.

"Kai Allah ya biya ka, Injiniya. Ni kuma bari in je in biya su."

Zulai ta gama karatunta. Uban ya koma gida a makare, da sanda. Na so in taimaka masa a tsakani, sau ɗaya kawai ya karɓa, na biyu ya ce ya isa.

Inna ta rasu ina Doha. Kafin jirgi ya sauke ni an riga an kai ta. Na zauna zaman makoki a ƙofar gidanmu, a rana ta uku sai ga Tukur. A lokacin ya sauka daga shugabanci, ya rame, yana tafiya a hankali. Shekara biyar ba mu ji muryar juna ba. Ya yi addu'a, ya zauna a gefena a kan tabarma har aka kira la'asar, yana ta hawaye. A wajen yayata na ji cewa duk tsawon shekarun nan bai taɓa fasa zuwa gaishe da Inna ranar Juma'a ba, kuma shi ya kai ta asibiti a ciwonta na ƙarshe. Ita kuma ba ta taɓa gaya mini ba.

Na ƙara makonni a gida ina sallamar al'amuranta. Ana saura kwana biyu in taho ya aiko mini cewa akwai wasa da yamma, yana so in zo. Na je. Ban bi ta ƙofar manyan baƙi ba, na sayi tikiti na shiga cikin ɗalibai. Ciyawar da aka shimfiɗa da farko ta mutu tun rani na biyu, an maye gurbinta da ta roba, rabin fitilun kuma ba sa kamawa, bashin ma an ce da sauransa. Duk na san wannan kafin in shiga. Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda wurin yake. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan benen kamar an shafa masa man ja, yara dubbai maza da mata suna waƙa da ganguna, shirwa tana shawagi can sama. Ban san lokacin da Tukur ya zo ya zauna kusa da ni ba. Ana dab da tashi 'yan jami'armu suka jefa ƙwallo a raga, benen ya girgiza. Sai na tsinci kaina a tsaye ina ihu, hulata a hannu, shi ma haka, tsofaffi biyu suna rungume da yaran da ba su san ko su waye ba.

Da aka tashi muka zauna muna jiran cunkoso ya ragu. Ya daɗe yana kallon filin kafin ya yi magana.

"Ya ka gani, Haruna?"

"Yana da kyau, Tukur. Wallahi yana da kyau."

"Da yau ne na kawo maka takardar, za ka cire shafukan?"

"A'a."

Ya yi dariya har ta sa shi tari.

"Na sani," ya ce. "Tashi ka riƙe ni, matakalar nan ba ta da makama."

Na kama hannunsa muka sauko a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai suna ratsa mu ta ko'ina suna tafiya ɗakunansu.